'Yan Tsakin Inno

"Wannan karo na nawa ke nan, Riskuwa? Kullum na zo sai ki ce in ƙara haƙuri."

Labbo yana tsaye a bakin zaurenmu a Argungu, ko babur ɗinsa bai kafe daidai ba. Malamin makaranta ne a Birnin Kebbi, kuma shekara biyu ke nan da sa mana rana.

"An mai da ni Gusau," ya ce. "Bayan hutu zan tafi. Ki hwaɗa mini gaskiya, da ke zan tafi ko ni kaɗai?"

"Mi kake so in yi, Labbo? In bar Baba ga wa?"

Kuka ya ci ƙarfina. Na kama bakin rigarsa na ja shi cikin gida, abin da ban taɓa yi ba.

Tun rasuwar mahaifiyata Inno, Baba ya jingine komarsa ta kamun kifi ya daina zuwa gulbi. Masuncin da duk unguwa ta sani ya koma kwanciya, fuskarsa ga bango. Bai sake fitowa tsakar gida ba sai ranar da kazar Inno ta ƙyanƙyashe. Ba a jima ba shaho ya ɗauke uwar, Baba ya rungumi marayun. Su kaɗai yake yi wa magana.

Yanzu ga su suna mutuwa. Mun same shi tsugune, ɗan tsako kwance a tafin hannunsa, fikafikai a sake. Ga dawa ya watsa musu, ga ƙaiƙayin shinkafa a kasko, ba wanda ya taɓa.

"Ba su ci, ɗiyata," ya ce ba tare da ya ɗago ba. "Su ma tafiya za su yi su bar ni..."

Na dubi Labbo, na yi ƙasa da murya. "In suka ƙare, ɗaki zai koma, kuma wallahi ba zai sake fitowa da ƙafarsa ba. Ka nemi wata, masoyina. Na yafe maka."

Ya juya ya fita, na ji ƙarar babur tana nisa. Na zauna a gindin turmi na yi kukan da ban yi ba tun ranar jana'iza.

Washegari da hantsi ina shara sai na ji sallamar Labbo. Idanunsa jawur, da ƙullin leda a hannu. Ashe wurin Goggo Ma'u ya je, ƙanwar mahaifinsa mai kiwon kaji a Birnin Kebbi.

"Baba, Goggo ta ce dawar nan ta yi musu girma, ƙaiƙayi kuma cika ciki kawai yake yi. Ƙanana gari suke so mai laushi, na masara ko gero, a haɗa da garin busasshen kifi mara gishiri. In sun yi gashi sai a koma tsaki-tsaki da dusa."

Ya zuba a murfin kwano. Muka tsugunna mu uku, ba mai motsi. Ina ta addu'a a zuciyata. Can ɗan tsako ɗaya ya tako yana tangaɗi, ya sa baki, ya sake sawa. Sauran suka biyo.

Baba ya ɗebi garin ya sansana, ya yamutsa fuska.

"Wanga kifi ina ka same shi?"

"Kasuwa, Baba."

"Ya tsufa. Har ya fara wari." Ya miƙe a hankali yana dafa bango. "Abin Inno ba zai ci kifin kasuwa ba ina da rai. Riskuwa, ɗauko mini koma da gora."

Na ɗauko na miƙa masa. Muka tsaya a ƙofa muna kallon bayansa har ya sha kwana ya nufi gulbi.

"Ka dawo," na ce wa Labbo.

"Ina zan je, abar ƙaunata? Da kin ce Gusau ba ta yiwuwa, da aikin zan ajiye."

Kafin la'asar Baba ya shigo jiƙe har ƙirji, da ƙananan kifaye cike da gora. Ya shanya su a kan tabarma, ya ci tuwo har da ƙari. Bayan sati ya aika aka kira Labbo.

"Turo magabatanka. Ba zan riƙe maka mata ba."

"Baba, wa zai kula da kai?" na ce.

"Ƙanwata Laure za ta dawo nan da zama. Kuma ni ina da aiki."

Da Labbo ya tafi Gusau ya kama mana ɗaki, bayan 'yan watanni aka ɗaura aure. Ranar tafiya, mota na jira, Baba ya fito da kwando. Sagarai biyu ne a ciki, daga 'yan tsakin Inno, sun yi ɓul-ɓul, gashi na sheƙi. Ya ɗora mini a cinya.

"Sun kusa fara ƙwai. Ki ƙona ƙashi ki daka, ki rinƙa haɗa musu. Kada ki ƙara ba su garin ƙanana, sun girma."

"To, Baba..."

Sai ya daki jikin motar da tafin hannu, ya ce wa direba, "Ku tafi, rana na yi."