Hannun Malam Audi a Kan Ganuwa

A bakin rijiyar Falanko Mato ya fara ganin Tabawa. Shi ɗan Belbeji ne, mai raƙuma, yana kai gero Damagaram. Igiyar guganta ta tsinke, ya miƙa mata tasa. Tun daga ranar ƙishirwa ta addabi raƙuman Mato, duk wucewa sai sun ratse Falanko, ko da yanzun nan suka sha.

"'Yar Falanko, yaushe zan zo in gaida Baba?"

"Kai dai ba ka gajiya," in ji ta, tana ɓoye dariya a gefen zane.

Mahaifinta, Malam Audi, bai ga abin dariya ba. Tsohon magini ne da idonsa ya rufe. Da ƙuruciya ya yi aikin gyaran ganuwar Birnin Damagaram, kuma ba shi da hirar da ta wuce wannan. Ya ce ba zai ba mai yawo 'yarsa ba, ga Mailafiya, mai rumfa a unguwar Zango ta Damagaram, mutumin da ya san zama wuri ɗaya. Shi kuwa Mailafiya ya gano lagon tsoho, duk zuwa gaisuwa sai ya ce ganuwa tana nan daram, ko tsagewa ba ta yi ba. Alhali kowa ya san an fasa ta.

Bayan girbi Malam Audi ya ce a kai shi ya shafa aikin hannunsa, in ya dawo a ɗaura aure da Mailafiya. Ayarin da ke tafiya a makon kuwa na Mato ne. Tabawa da gwaggonta Raishatu suka bi don kula da tsoho.

A hanya Tabawa ta aiki gwaggo wurin Mato: "Ki ce masa, don son da yake min, kada ya gaya wa Baba an rushe ganuwa. Ita kaɗai ta rage masa."

Amsa ta dawo: "Ki ce wa Tabawata ranta nake so ya yi fari. Ba zan tayar da zancen ba. Amma in Baba ya tambaye ni, ba zan ara masa idona in yi masa ƙarya da su ba."

Ta yi fushi ƙwarai, ta daina ko kallonsa. Mato ya ji abin har cikin ƙashinsa.

A Damagaram aka sha yawo. Suka wuni a lambunan garin Mirya da ke kusa, tsoho yana sansana ganyen lemo. Suka zaga marina da majema, suka hau duwatsun Birni, Mato yana riƙe da hannunsa yana faɗa masa abin da ke ƙasa. Ranar ganuwa kuwa Mailafiya ya karɓe hannun, ya kai shi bayan gidan wani attajiri, ya ɗora tafinsa a kan katanga.

"Ga ta nan, Baba."

Malam Audi ya shafa, ya sake shafawa.

"Mato, kana kusa? Mene ne wannan?"

Tabawa ta zuba wa Mato ido tana roƙo. Ya san abin da zai rasa.

"Katangar gida ce, Baba. Wajen da kuka gina an fasa shi, hanya ta bi ta ciki. Sai gindin ya rage."

"Kai ni."

Tsoho ya durƙusa a gaban kututturen, yana bin tubali ɗaya ɗaya da yatsa. Tabawa tana hawaye.

"Ruwan sama ne ya cinye ta?"

"A'a, da diga aka sare ta. Gindin nan ma an gwada, ya gagara, aka bar shi."

Sai ga Malam Audi yana dariya, dariyar da 'yarsa ta manta yana da ita.

"Ya gagara! Kin ji, Tabawa? Ai ni na taka ƙasar nan."

Aka nemi Mailafiya, ashe rumfa ta kira shi da gaggawa.

Tsoho ya laluba ya kamo hannun Mato.

"Yaro, ni makaho ne. Duk inda 'yata ta tafi ba zan ga fuskarta ba. Ina son wanda in na tambaye shi lafiyarta zai gaya min gaskiya. Turo manyanka."

A hanyar komawa Tabawa ta matso da raƙuminta.

"Matona, ka yafe min."

"Sai kin yi murmushi tukuna."

Kafin damina aka ɗaura aure a Falanko. Mutanen Belbeji suka zo da raƙuma da guɗa, aka ci aka sha har maƙwabta suka ƙoshi. Da za a tafi da amarya, Malam Audi ya dafa kawunansu ya sa albarka, ya roƙa musu zuri'a da zaman lafiya. Sannan ya sunkuya kusa da kunnen ango.

"Kuka take yi?"

"Tana yi, Baba. Amma tana satar kallona."

"To, ku tafi. Allah ya yi muku albarka."