Ta'aziyyar Gauraka

Shekarar da jirgin ƙasa ya fara ratsa Birniwa, gaurakar da Iya Mairam ta rena ta mutu. Ta binne ta da jan zaren da ta ɗaura mata a ƙafa. Ba wanda ya zo ta'aziyya. Liman ma cewa ya yi, "Tsuntsu ne fa, Iya, ki yi istigfari."

Bayan isha ta zauna bakin fadama tana jan tasbaha, tana ɓoye hawaye. Sai kwaɗi suka yi tsit. Wata mata mai dogon wuya ta tsuguna gabanta.

"Iya, ya haƙuri? Allah bai manta da kowane mai rai ba."

"Na gode, 'yar nan. Daga gidan wa?"

"Gidanki."

Mairam ta sauke fitila ƙasa. Yatsun ƙafar matar uku ne, ga jan zare a ɗaure.