Jan Iri

Ruwan shuka ya sauka ke nan rahoto ya iso caji ofis: an kwashe buhu biyu na irin masara daga siton ƙungiyar manoma. Tun da 'yan bindiga suka ƙone rumbunan garin, wannan irin kaɗai ya rage.

Sufeto ya duba kwaɗon ƙofar. Ba fasawa aka yi ba, buɗewa aka yi.

"Baba, kana ina lokacin?" ya tambayi maigadin, wani dattijo da rama ta sa wando ke zame masa.

"Zazzaɓi ya kayar da ni, ranka ya daɗe."

Shugaban manoma ya ɗebo ragowar irin a tafin hannu, jajir. "Yallaɓai, ba satar ta fi damuna ba. Jan nan maganin ƙwari ne. Na ƙasa ne, ba na ciki ba."

Sufeto ya juya da sauri. Yanzu ba ɓarawo yake nema ba, tukunya yake nema kafin a sauke ta.

Da Sufeto ya isa injin niƙa, mai injin ya rantse rabonsa da hatsi tun bara.

"Injin naka lalle yake ƙunsawa?" in ji Sufeto. Ya shafo bakin injin, ya nuna masa jan gari a yatsa.

Mutumin ya sunkuyar da kai. "'Yar maigadi ce ta kawo."

A ƙofar gidan maigadi, kwata na gudu da jan ruwa, ga kaza a mace a gefe. Daga ɗaka ana jin kakarin amai, da muryar mace tana kiran sunan yaro, ba a amsawa.

Sufeto ya tura Saje neman mota, ya juyo kan maigadin.

Dattijon bai jira tambaya ba. "Ni ne. Na wanke shi har ruwan ya yi fari, wallahi. Jikokina ba za su kai kaka ba, ranka ya daɗe. Wa ma zai shiga gona ya dawo?"

Sufeto ya dubi hannuwan dattijon. Bai sa masa ankwa ba. Hannuwan sun fi ƙarfen siranta.

Suna fita, kurtu na ɗauke da sauran jan irin a matsayin shaida, matan unguwa suka biyo su. Wata mai goyo ta riƙo hannun rigar Sufeto.

"Yallaɓai, in zubarwa za ku yi, ku ba ni. Ni na fi shi iya wanki."