Injin da Ke Karɓar Yatsa

Da la'asar sakaliya Solange Veilleux ta shiga shagon sassaƙar mahaifinta, ba don komai ba sai ta ɗebo 'yan bututun itacen da ake kafawa a jikin bishiyar mapul a tari ruwan zaƙi. Ƙanƙara ta fara narkewa a duk faɗin yankinsu na Beauce, maƙwabta har sun rataye bokitansu. Tun rasuwar mahaifin nata, shagon ya dawo hannunta, ita kuwa Solange ba ta iya ganin kaya a hargitse ta wuce ba. Tana jawo wani tsohon kabad, sai ga ƙofa a bayansa.

A ciki akwai inji lulluɓe da tamfol. Na juya itace ne, mai matakin ƙafa irin na keken ɗinki, da igiyar fata mai jan ƙarfen da ke juya itacen. A shagon nan ta yi rarrafe, amma ba ta taɓa ganinsa ba. Ta duba gaba, ta duba baya, babu sunan maƙeri, babu lamba. Ko'ina ƙura, igiyar kaɗai ke sheƙi, tana ƙarnin ɗanyar fata.

Ta leƙa ta kira ƙanen mahaifinta, Ovide, da ke faskare a waje. Tsohon ya toge a bakin ƙofa, ya yi alamar gicciye da hannunsa mai yatsa huɗu.

"Baffa, wa ya ƙera wannan?"

"Rufe shi, 'yar nan."

"Tambayarka na yi."

Ya yi ƙasa da murya. "Mai irin wannan inji a mataki ake gane shi. Ƙafarsa takan ci katakon. Duba."

Ta durƙusa. Sawu na nan kuwa, ya yi rami a katakon, doguwar ƙafa marar takalmi. Sai dai dunduniyar ce ke gaba. Yatsun suna kallon baya.

"Wani baƙo ya bar wa kakana, ranar da guguwa ta tsare shi a gidan nan," in ji Ovide. "Bututun da aka fiƙe a kansa, ko a busasshiyar bishiya ka kafa shi sai ta zubo da ruwa. Amma duk wanda ya gaji shagon, sai ya ba injin yatsa. Ni da ubanki tare muka gada, tare muka bayar."

Ubanta yatsa huɗu, kakanta huɗu. Tun tana yarinya ake ce mata zarto ne. Ba tsoro ne ya fara zuwa mata ba, haushi ne ya turnuƙe ta.

"Wato a jere kuka miƙa hannu kamar masu karɓar gurasar coci? Maza guda? Ni kam ko farce ba zai samu ba."

"Yi a hankali, yana ji."

"Don ya ji na faɗa."

Ɗigar narkakkiyar ƙanƙara daga rufi ta tsaya cak.

Matakin ya sauka. Ba ƙafar kowa a kansa. Ya tashi, ya sake sauka. Ƙiiƙ, ƙiiƙ. Igiya ta ja, ƙarfe ya fara juyawa. Wani numfashi mai warin ruɓaɓɓen ganye ya hura a ƙeyarta.

Ta juya za ta fita. Zaren rigar sanyinta ya sarƙe a ƙarfen.

Ya naɗe. Ya ƙara naɗewa. Hannun damanta na tafiya, tana turjewa, takalmanta na zamewa a garin katako.

"Ba shi ƙaramin yatsan," Ovide ya ce cikin raɗa, yana kuka. "Ɗaya kawai yake ɗauka."

Sanyin ƙarfen ya taɓa farcenta.

Ta lalubi bango da hagu. Wuƙar sassaƙar ubanta.

"Ban ba ka ba," ta ce, haƙora a cije.

Ta sare igiyar.

Wani abu ya yi ƙara, ba daga injin ba, daga inda mai taka shi zai tsaya. Igiyar ta faɗi tana mutsu-mutsu a ƙasa, Solange ta take ta da dunduniya har ta daina.

A shekarar bishiyoyinsu rowa suka yi, ruwan zaƙin da ta dafa ko rabin na maƙwabta bai kai ba. Ta sayar da shi haka, kanta a sama. Ɗakin kuwa ta cire masa ƙofa gaba ɗaya. Har yau, idan rana ta yi ja, matakin yakan sauka ya tashi, ba ya juya komai. Ba ta ko ɗaga kai daga aikinta. "Taka dai," takan ce, "in ka gaji ka bari."

Ovide ne abin bai saki ba. Wata rana ta same shi zaune a kan kututture, ya ƙura wa gurbin yatsansa ido. Can ya ɗago ya dube ta.

"Ashe ana iya ƙi."