Ruwan Ramin Tsakuwa

Da daddare ruwan sama ya cika ramin haƙar tsakuwa na Zabi, jan taɓo yana neman ɓallewa. Shekari mai gadi yana ta haƙa lambatu, tocila a baki, don ruwan ya bi daji.

"Sannu da aiki, ɗana," in ji wata tsohuwa a bayansa. "Ina gidanka?"

Ya nuna mata kan tudu da shebur, inda matarsa Salome ke barci da jaririnsu.

Ta yi godiya ta wuce, zanenta a bushe ƙamas. Sai ruwan ya bar lambatun, ya bi diddigenta yana hawan tudu, kamar akuyar da ta ga mai dusa.

Shekari ya yunƙura zai bi su. Taɓo ya riƙe shi har gwiwa.