Manhajar Da Ta San "Da Sauƙi"

"Ya jiki?" in ji na'urar da ke kan gadon.

"Da sauƙi," Baba Tanko ya amsa, yana jan numfashi da ƙyar.

Nan take na'urar ta rage iskar da take hura masa a hanci.

Ran 'yarsa, Injiniya Kubura, ya ɓaci, don ta san inda gizo ke saƙar. A da, duk asibitocin birnin Sabuwar Rano da Basira suke aiki, babbar manhajar da ke juya kowace na'ura. A nan gida aka ƙirƙire ta, da hannun Kubura a ciki. Basira ta san Bahaushe ko yana bakin kabari "da sauƙi" zai ce, saboda haka ba kalmar take bi ba, nishin da ke bayanta take aunawa. An yi ta shelar fitowar sabon samfurinta, Basira ta Biyar, har da walima. Sai aka sayar da kamfanin da ya ƙera ta, masu saye suka jingine aikin, suka kawo wata manhaja mai saurin tsiya, wadda abin da ka faɗa shi ta ji.

"Baba, don Allah ka ce mata da zafi."

"Haba Kubura! In kai ƙarar Ubangijina wurin ƙarfe?"

Ko kwana za ta yi tana roƙo ba zai faɗa ba, ga shi idanunsa sun fara lumshewa. Ta ciro 'yar tsohuwar ma'adanar bayanai mai ɗauke da Basira da ta daɗe tana yawo da ita a jikin makullanta, ta buɗe bayan na'urar.

Dakta Sambo, shugaban sashen, ya taso da sauri. "Injiniya, kamfani ya hana wannan. Lasisinki zai tafi."

"Ya tafi, likita. Ana sake lasisi, ba a sake uba."

Ta soka ma'adanar. Allon na'urar ya ɗauke, ya dawo. Tsohuwar muryar ta yi sallama.

"Baba, ya jiki?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

Basira ta auna nishinsa. "Allah ya ƙara sauƙi," ta ce. Ta buɗe iskar har ƙarshe, ta kaɗa ƙararrawar gaggawa.

Ƙirjin tsohon ya fara hawa da sauka yadda ya kamata. Kubura ta share hawaye, ta ɗaga kai ta dubi babban allon ɗakin, inda sabuwar manhaja ke nuna halin sauran marasa lafiya. Kore shar daga sama har ƙasa. Duk sun ce da sauƙi.

Ta zare ma'adanar, tunda Basira ta riga ta zauna a na'urar Baba, ta nufi gado na gaba.