Jagoran da Ya Ƙi Shan Ruwa a Hanyar Wasaram

Tun ranar da Wasila ta kawo fura rumfar ubanta ta tarar da baƙo a tsugune, Alkasum ya ji a jikinsa cewa wata wahala tana tafe, kuma ba ta daɗe ba ta iso.

Alkasum baduku ne a Zango, cikin Damagaram, mutum mai yawan fargaba tun da matarsa ta rasu ta bar masa 'ya'ya mata biyu. Baƙon kuwa Suma'ila ne, jagoran ayari, ya kawo salkarsa a ɗinke masa. Lokacin Nasara ba su daɗe da kafa barikinsu a kan dutse ba, fatauci ya yi sanyi, kowa a gajiye yake.

Wasila ta ajiye ƙwarya, ta gaida ubanta, ta dubi salkar.

"Sannu baƙo. Wannan salka ai ta girme ni."

"Ta je Bilma ta dawo, ba ta taɓa kunyata ni ba," in ji Suma'ila.

"To yau ta kunyata ka, ga ta a hannun Baba."

Suma'ila ya yi dariya, ya sunkuyar da kai, ya ɗago, ya sake sunkuyarwa. Alkasum yana kallonsu ta wutsiyar ido har ya soka wa yatsansa basilla. Ranar dai tare suka sha furar, baƙon ya sha sosai, ya yi godiya ya tafi.

Daga nan salkar ta shiga yoyo kowace Juma'a. Saƙo kuma ya fara yawo ta bakin Shatu, yayar Alkasum, wadda ke zaune a gidan tun rasuwar matarsa. Ita Shatu ba ta iya raɗa ba, don haka duk abin da aka aiko sai ya tsallaka zana ya faɗa kunnen uban.

"Ya ce in gaya miki: Inuwata, na bi rairayi tun ina yaro, ban taɓa ɓata ba sai a ƙofar gidanku."

"Gwaggo, ki ce masa: Mai-tafiya, in ka ɓata ka tsaya inda kake, za a zo a same ka."

Da magabatan Suma'ila suka zo neman izini, Alkasum ya karɓe su da mutunci, ya ba su ruwa, ya ce su yi haƙuri. Dalilinsa yana nan cikin gida, kullum yana ganinsa. Babbar 'yarsa Lubabatu ta auri ɗan ayari, Nasara suka ɗebe shi da raƙumansa zuwa arewa, shekaru ke nan babu shi babu labarinsa. Tana zaune, ita ba matar aure ba, ita ba mai takaba ba.

"Ɗaya ta ishe ni," in ji shi.

Shi wani Gambo yake so ya ba ta, maɗinki mai ɗinka wa sojan bariki wanduna, mutumin da tun safe har yamma yana kan tabarma ɗaya, ana iya aika a kira shi kowane lokaci. Gambo ya kawo goro, ya kawo turare.

Wasila ta durƙusa ta ce, "Baba, in ka ce in zauna, zan zauna. Amma kada ka ce Gambo."

Bai ce ba. Ba mutumin tilas ba ne, tsoro kawai yake ji. Suma'ila kuma ya daina aiko da saƙo don girmama maganar manya, Wasila ta ɗauka ya haƙura da ita ne. Ta rame, ta daina wasa da kowa.

Ana cikin bazara sai wani mai kanwa ya kawo saƙo daga Kwarin Wasaram, wani kwari mai dabino can cikin rairayi, inda Kaka Hajjo, mahaifiyar marigayiya, take zaune. Ta ce ƙarfinta ya ƙare, a kawo mata autar 'yarta ta gan ta. Tafiyar yini ce cur, a kwana, a dawo, amma hanyar ba ta biyuwa sai da jagora. Alkasum ya zagaye Zango da Birni yana nema. Duk jagororin kumandan Nasara ya kwashe su, saura mutum ɗaya.

"Allah ya kama ka," in ji Shatu, tana ɗaure kaya.

Suka fita da asuba da raƙuma biyu. Shatu da Wasila a kan ɗaya, Alkasum a kan ɗaya da salkuna. Suma'ila yana gaba a ƙasa, riƙe da akala. Ya gaida Alkasum a durƙushe, ya gaida Shatu, Wasila kuwa ko inda take bai duba ba. Ta ja mayafi ta rufe fuska.

Suka wuce gonakin Gaffati, duk a bushe ana jiran ruwa. Ƙauyuka suka ƙare, itatuwa suka ƙare, sai tuddan rairayi. Da hantsi suka tsaya, Shatu ta dama fura. Alkasum ya sha, ya miƙa wa jagora ƙwarya.

"Alhamdu lillahi, Baba, na ƙoshi."

"Ƙoshi da me? Tun asuba kake tafiya."

Suma'ila ya dubi ƙasa. Nan take Alkasum ya gane. A Damagaram yaro ba ya ci ba ya sha a gaban surukinsa. In suruki mai kirki ne, sai ya ba da baya, ko ya ƙirƙiro wata hidima ya tashi, don yaron ya samu ya jiƙa maƙogwaro. Wato Suma'ila, ba tare da ya ce uffan ba, yana gaya masa har yanzu matsayin suruki ya ba shi. In kuma Alkasum ya juya baya, to ya amsa sunan.

Ransa ya ɓaci.

"Ranar nan a rumfata ka sha furata har ka kankare ƙwarya. Me ya canza? Ni ba surukinka ba ne. Karɓi ka sha."

"Ku gafarce ni, Baba."

"To zauna da ƙishirwarka."

Da rana ta take tsaka suka fake a gindin wata bishiyar ƙaya tilo mai inuwa kamar ta tafin hannu. Suma'ila ya ɗaure raƙuma, ya ɗauki gora zai zagaya bayan tudu. Alkasum ya tashi ya bi shi, wai yana so ya ga hanya. Suka tsaya tare suna kallon rairayi, suka dawo tare, gora ba a buɗe ba.

"Kai Alkasum, ka ji tsoron Allah," in ji Shatu. "Da furfurarka kake gasa da yaro?"

"Yaya, ni na hana shi? Ga ruwa, ga baki."

Wasila ta matso kusa da gwaggonta. "Gwaggo, azumi yake yi?"

"Azumin me? Kunyar ubanki yake ji, sakarya. Wanda ya haƙura da ke zai ƙi shan ruwa a wannan rana?"

Wasila ta waiwaya. Can Alkasum ya ga mayafin ya zame daga fuskarta, idanunta na kan jagora, ba ta ko ƙiftawa.

Suka ci gaba. Zafin ya kai inda ba mai iya magana. Alkasum a kan raƙumi bayansa na ciwo, idonsa a kan ƙeyar Suma'ila, yana jira ya ga yaron ya karaya ya miƙa hannu ga salka. Bai miƙa ba. Jagora a gaba yake tafiya, babu lokacin da zai fita daga idon na baya. Gumin rigarsa ya bushe ya bar farin gishiri, daga baya ma gumin ya daina fitowa.

Wajen la'asar Suma'ila ya tsaya. Ya dubi dama, ya dubi hagu, ya ja raƙuma suka zagaya wani tudu, sai ga sawunsu na ɗazu a gabansu. Ya murza ido. Ya yi taku kaɗan, gwiwoyinsa suka lanƙwashe, ya durƙushe a rairayi, akalar na hannunsa.

Duk suka sauko. Shatu ta kwance bakin salka.

"In ya mutu wa zai fitar da mu? Kai da iyakarka Zango da Birni?"

Alkasum ya karɓi ƙwaryar, ya tsuguna, ya kai ta har bakin yaron. Leɓunansa sun tsage.

"Sha, don Allah. Ba gardama nake yi ba yanzu. Sha."

Suma'ila ya kawar da kai a hankali. Muryarsa da ƙyar take fita.

"Baba, in na sha a gabanku, na yarda ke nan ba komai tsakanina da gidanku. Ba zan iya ba."

Alkasum ya dubi tuddan nan masu kama da juna. Ya tuna Lubabatu, yadda take ɗaga kai duk lokacin da aka yi sallama a zaure. Abin da yake gudu ke nan, kuma yana sane in ya tashi daga wurin nan ya miƙa autarsa ga irin wannan jira da hannunsa.

"Baba," in ji Wasila, a durƙushe a bayansa. "Na ga zaman da Yaya take yi, ɗaki ɗaya muke kwana. Na sani. Duk da haka shi nake so."

Ya daɗe a tsugune. Gajiya ta sauko masa gaba ɗaya, ta yinin nan da ta shekarun baya. Sannan ya miƙa wa 'yarsa ƙwaryar, ya ɗauki butarsa ya miƙe.

"Zan zagaya in yi la'asar," in ji shi. "Zan daɗe."

Ya ba su baya ya tafi. A bayan tudun ya yi alwala da ɗan ruwa, ya yi salla, ya zauna. Iska tana kawo masa muryoyinsu.

"A hankali, Mai-tafiya, kada ka shaƙe."

"Inuwata, ke ce?"

"Wa kake tsammani, Gambo? Ka daina aiko mini da saƙo, na ce ka manta da ni."

"Baba ya hana. Ban iya tsallake maganarsa ba, ban kuma iya barinki ba."

"Sai ka zaɓi ka mutu a rairayi?"

"Ban yi niyya ba. Na ɗauka tun hantsi zai juya."

"Ba ka san taurin kan ɗan'uwana ba," in ji Shatu. "Ƙara masa, ki jiƙa masa kai."

Alkasum ya goge ido da bakin rawani. Ya jira har ya ji an ɗaure salka, ya ƙara jira, sannan ya yi gyaran murya ya fito.

Da hankalin Suma'ila ya dawo, kallo ɗaya ya yi wa rana da kwanciyar rairayi ya gane inda ya kauce. Suka ɗora shi a raƙumi, Alkasum ya ja akala, shi yana nuna hanya daga sama. Gab da magariba suka hau wani dogon tudu, sai ga Wasaram a ƙasa: dabino da goruba kore shar, tafki a tsakiya, farar kanwa a gefensa, ƙananan lambunan albasa, da wani tsoho yana jan ruwa da jigo. Sanyin wurin ya taso ya tarye su tun kafin su sauka.

Kaka Hajjo tana kwance a tabarma ƙofar bukkarta. Ta rungume Wasila, ta shafa fuskarta, ta yi kuka ta kira sunan 'yarta. Da ta huce ta dubi saurayin da ke tsugune nesa.

"Wancan dogon fa?"

Kowa ya dubi Alkasum.

"Surukina ne," in ji shi, kamar mai sauke kaya.

"A'a, wannan ai mijina ne," in ji Kaka. "Ke yarinya nemi naki." Ta sa aka kai wa Suma'ila tuwonsa da dabino bayan danga, inda ba mai ganinsa.

Suka kwana a nan. Da safe, kafin a ɗaura wa raƙuma kaya, Alkasum ya kira shi gindin wani dabino.

"Za ka bar hanya?"

"Baba, ba zan yi muku ƙarya ba. Ita na gada, ita na iya. In kuma kumandan ya aiko, kun san ba a cewa a'a. Abin da zan iya alkawari, duk inda nake, gida nake nufa."

Alkasum ya so ya ji wata amsa. Ya gyaɗa kai kawai.

Bayan saukar ruwan farko aka ɗaura aure a Zango. Kaka ta aiko da dabinon da aka raba, Lubabatu da kanta ta sa wa ƙanwarta lalle, Gambo ma ya zo ya karɓi goro ya yi fatan alheri. Da za a kai amarya, Wasila ta durƙusa gaban ubanta tana kuka. Ya ɗora hannu a kanta.

"Allah ya yi miki albarka, Auta. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari. Shi kuma Allah ya riƙa dawo miki da shi."

Aka amsa da amin, guɗa ta tashi, aka tafi da ita.

Suna zaune lafiya, Shatu ta ce ko murya ba a taɓa jin sun ɗaga ba. Sai dai ana ta magana a kasuwa cewa in kaka ta yi Nasara za su tashi babban ayari zuwa arewa, kuma za su nemi jagorori. Ko za su ɗauki Suma'ila, ko za su bar shi, har yanzu ba wanda ya sani.